An yi maka tara ko an karɓe permi a Maraɗi? Ga matakan da za ka bi

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu, musamman 'yan kabu-kabu, masu adaidaita da direbobin motocin haya na hanyar Tasawa, Dakwaro da Madarunfa: an tsayar da ni, an karɓe permi ko an tafi da moto, daga ina zan fara? Wasu kuma suna son sanin ko tarar da suka biya bara za ta fito a kaziye, wato takardar kotu mai nuna hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum, in sun je neman aikin tuƙi. Ga yadda abin yake bi da bi. Abu guda dai nake so ka riƙe tun daga nan: duk abin da ya bar hannunka, kuɗi ne ko permi ko makullin moto, to takarda ce za ta maye gurbinsa. Mafi yawan masu zarya a komisariya kwana da kwanaki, abin da ya jefa su cikin wahalar shi ne sun bar bakin hanya hannu Rabbana.

1. Haɗa takardunka tun kana gida

Mota tana tafiya da takardu 5: permi, kart giriz (takardar rajistar mota), takardar asiransi, binyet (shaidar biyan harajin mota) ta shekara, da takardar bizit, wato shaidar an duba lafiyar motar. Ka ƙara da katin ɗan ƙasa. Mai ɗaukar fasinja ko kayan haya yana da ƙarin takardar izinin sufuri, kuma mai kabu-kabu ko adaidaita yana da rajista da harajin da meri ke karɓa. Motar da ba ta daɗe da shigowa ƙasa ba, ko moton da aka sayo daga ƙetaren iyaka, sai da takardun duwan.

Kowace takarda da abin da ake dubawa a jikinta. A asiransi da bizit, ranar ƙarewa ce. A binyet, shekara. A kart giriz, lambar da ke rubuce ta dace da wadda ke jikin motar, lambar shasi ma haka. A permi kuwa rukuni ake dubawa. Rukunin A na moto ne. B na ƙaramar mota ce wadda nauyinta da kaya bai wuce tan 3 da rabi ba, kujerunta kuma ba su wuce 9 ba har da ta direba. C na manyan motocin kaya ne, D na motocin fasinja masu kujeru da yawa, E kuma na masu jan tirela. Mai permi B da ya hau bas mai kujera 18 ya ɗauki fasinja zuwa Gidan Rumji, a idon doka bai da permin wannan motar, ko da ya shekara 20 yana tuƙi.

Ka yi fotokopi na kowace takarda ka ajiye a gida, ka kuma ɗauki hotonta gaba da baya a waya. Ranar da aka riƙe ta ainihin, ko ta ɓace, waɗannan ne za su nuna lambarta da ranar da aka ba da ita.

Hattara: asiransi ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Haka dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka kan harkar asiransi wadda Nijar ke cikinta, ta tanada. Wanda ya ce maka "tafi da takardar, ka kawo kuɗin ƙarshen wata" bai taimake ka ba. Ka sayi asiransi a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa da aka sani, ka karɓi resi. Takardun bogi suna yawo a tashoshi, kuma wanda aka kama da ita ya bar maganar tara ya shiga maganar kotu.

2. In an busa maka usur

Ka sa sigina, ka rage gudu, ka gangara dama inda ba za ka tare hanya ba, ka kashe inji. Da dare ka kunna fitilar cikin mota. Mai moto ya kafe ta, kada ya bar ta tana ruri kamar mai shirin tsere. A cikin gari galibi 'yan sanda ne za su tsayar da kai, a kan manyan hanyoyi irin RN1 da cikin karkara kuwa jandarmomi.

Gaisuwa tukuna: "Barka da aiki, shef." Sai ka miƙa abin da aka tambaya, shi kaɗai. In an ce ka yi laifi, ka yi tambaya ɗaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wane laifi ne za a rubuta mini?" Amsar nan ita ce za ta nuna maka ko ƙaramin laifi ne da tara ke kashewa, kamar rashin hular kwano, waya a kunne, rashin ɗamara, ƙetare jar wuta, lodin da ya wuce ƙima ko fitilar da ta mutu, ko kuwa babba ne da zai kai gaban alƙali.

Hattara: ƙin tsayawa laifi ne mai zaman kansa, kuma ya fi wanda kake gudu nauyi. Zagin jami'i a bakin aikinsa ma haka. Matasa da yawa sun mayar da laifin hular kwano ya zama kwanan komisariya don ta da jijiyar wuya. In kana ganin an zalunce ka, akwai inda ake faɗa, yana mataki na 4.

Hattara kuma: "na goro" da ake dunƙulawa cikin kart giriz cin hanci ne, dokar hukunta laifuka kuma ta haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Ban da haka, kuɗin bai kashe laifin ba. In fitilarka ce ta mutu, shingen gaba zai sake tsayar da kai, ba ka da abin nunawa.

3. Karanta takardar kafin ka bar wurin

Nan ne aka fi yin sakaci, don rai a ɓace yake, fasinja suna gunaguni, rana tana duka. Ka daure ka ba takardar minti 2. Da Faransanci ake rubuta ta, in ba ka karantawa ka nemi fasinja ko wani na kusa ya karanta maka, ko ka roƙi jami'in ya faɗa maka abin da ya rubuta.

Ka tabbatar akwai waɗannan a jikinta:

- sunanka yadda yake a permi, da lambar motar ko moton daidai;
- rana, lokaci da wurin da aka tsayar da kai;
- laifin da aka rubuta;
- abin da aka riƙe: permi ne, kart giriz ne, ko abin hawan kansa;
- ofishin da za ka je da ranar da ake jiranka;
- lambar takardar, da sa hannu ko hatimin sashen da ya rubuta.

Lamba ɗaya da aka kuskure a lambar moto tana iya sa ka yini ana neman takardarka cikin tuli ba a gani ba. In ka ga kuskure, a gyara nan take a gabanka, a jikin taka da kuma kwafin da ke saura cikin littafin jami'in.

In an karɓi permi ba a ba ka komai ba, kada ka tafi haka. Ka ce: "Shef, a taimaka mini da takardar da zan nuna in na zo karɓa." In duk da haka ba ta samu ba, ka rubuta lokaci, wurin, lambar motar sintirin da sunan da ke ƙirjin kakin, ka tambayi sashen da suke, ka tafi can a ranar. Maraɗi tana da komisariya fiye da ɗaya, ga kuma birgad ta jandarma, kuma kowa littafinsa daban. Wanda aka tsayar kusa da babbar kasuwa ya tafi neman perminsa a ofishin da bai rubuta shi ba, zai dawo yana cewa an ɓatar, alhali yana can cikin durowar wani ofishi.

Da ka matsa gefe, ɗauki hoton takardar. Siririya ce, gumi da aljihu suna cinye rubutunta.

Hattara: wannan 'yar takarda ba permi ba ce. In an yarda ka yi tuƙi da ita, na ɗan lokacin da aka rubuta a jikinta ne kawai. Ka tambaya a fili: "Zan iya tuƙi da wannan, zuwa yaushe?"

4. Yanke shawara kafin ka ciro kuɗi

Biyan tara amsa laifi ne. Da zarar ka biya an yanka maka kitansi, wato resin hukuma, magana ta mutu: ba za a kai ka kotu kan wannan laifin ba, kai ma ba ka da bakin dawowa ka ce ba ka yi ba. Saboda haka shawara tana gaban biya.

In ka san ka yi laifin, ka biya da wuri ka huta. Ni a ganina ja-in-ja kan hular kwanon da kowa ya ga ba ta kanka ɓata lokaci ne. Amma akwai inda ya kamata mutum ya tsaya. An rubuta maka rashin asiransi alhali kana da ita, ka manta ta ne a gida. An rubuta lambar da ba taka ba. An ci ka tara sau 2 kan laifi ɗaya a rana ɗaya. An ce bizit ta ƙare alhali da sauran wata guda.

Ga yadda ake yi. Ka fara da shugaban sashen da ya rubuta takardar, ko komiser, ko kwamandan birgad. Ka je da takardun ainihi da fotokopi, ka faɗi magana a taƙaice. Rashin takarda a hannu da rashin ta gaba ɗaya laifuka ne daban, nauyinsu ma ba ɗaya ba, don haka nuna asiransin da ranarta ta riga ranar kamun yakan sauya lissafi. In ba a daidaita a nan ba, ka ce ba ka amsa laifin ba, kana son a tura maganar gaban shari'a. Za a rubuta rahoto a aika wa mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maraɗi, daga nan a aiko maka sammaci.

Ka san abin da kake shiga. Kotu tana ɗaukar rahoton jami'i a matsayin gaskiya har sai an kawo hujjar da ta rushe shi, kuma hujjar nan rubutacciya ce ko shaidu. "Wallahi ban yi ba" kaɗai ba ta isa. Ka tanadi takarda mai kwanan wata, hoton wurin in allon hanya ya faɗi ko wutar ba ta aiki, da sunayen mutum 2 da suka gani kuma suka yarda su zo. In kotu ta same ka da laifi, za ka biya tarar har da kuɗin shari'a.

Hattara: kada ka sa hannu a rahoton da ba a karanta maka ba. Kana da damar a fassara maka shi, kuma in akwai abin da ba ka yarda da shi ba, ka nemi a rubuta ƙin yardarka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

5. Biya, da karɓar kitansi

Wani lokaci ana biya nan bakin hanya, jami'i ya yago maka kitansi daga littafi mai lamba. Wani lokaci kuma sai ka je ofis wurin mai karɓar kuɗi. Ko ta wace hanya, kitansin gaskiya yana da lambar da aka buga da inji, da kwanan wata, da adadin kuɗin, da laifin, da hatimi, kuma rabinsa yana saura cikin littafin. Wannan rabin da ya saura shi ne shaidar kuɗin ya nufi baitulmali. Guntun farar takarda da aka rubuta da biro ba kitansi ba ne.

Ka je da safe, ranar aiki. Juma'a rabin yini ce a ofisoshin gwamnati, wanda ya bari sai bayan masallaci yana iya jira har Litinin. Ka tafi da takardar kamun, katin ɗan ƙasa, sauran takardun motar, da canji daidai. In laifin na gyara ne, kamar fitila, madubi ko asiransin da ta ƙare, ka gyara kafin ka je, ka tafi da shaida. Sau da yawa ba a sakin takarda sai an ga an gyara.

Ka duba adadin da ido. Mu a baki da dala da jika muke lissafi, takarda kuwa da sefa take magana: dala 100 ita ce 500 a rubuce, jika 5 kuma 5.000. Abin da ka miƙa da abin da aka rubuta su zama ɗaya. In an ce ka kawo jika 5 aka rubuta 2.000, ka tambayi inda sauran suka shiga kafin ka saki kuɗin. Adadin kowace tara doka ce ta yanke shi, ba a ciniki, kuma kana da damar ka roƙi a nuna maka jadawalin.

Kuɗin da mutum ke kashewa a gaskiya ya wuce tarar kanta. Akwai gyaran abin da ya jawo kamun, akwai fotokopi da tambur in ana bukata, akwai kuɗin ajiya in an tafi da abin hawan, sannan akwai ranakun da ba ka yi aiki ba, wanda shi ne ya fi ciwo. A ɗauka mai adaidaita yana samun 4.000 a rana bayan ya cire kuɗin mai. In ya yi kwana 5 yana neman wanda zai roƙar masa a yafe, ya yi asarar 20.000 kafin ya biya ko dala, ga mai keken yana jiran nasa kason. Shi ya sa nake cewa wanda ya san ya yi laifi ya je washegari da sassafe.

Da ka biya, karɓi perminka nan take, ka buɗe ka tabbatar naka ne. Sunaye irin namu suna yawan kama da juna, ana ba wani na wani.

Hattara: 'yan tsakani da ke zaune ƙofar ofis suna cewa "kawo in shigar maka, na san mutanen ciki" su ne hanyar da kuɗi ya fi ɓacewa. Ka shiga da ƙafarka. In kana cikin sandika ta direbobi ko ta 'yan kabu-kabu, wakilinku yana iya raka ka, amma kuɗi daga hannunka zuwa teburin mai kitansi.

6. Fitar da moto ko mota daga furiyar

In za a tafi da abin hawan furiyar, wato wurin da hukuma ke ajiye waɗanda aka kama, ka kwashe kayanka masu daraja tun a wurin. Ka ɗauki hotonsa ta gefe 4, da agogon mai, da madubai, da batir in ana ganinsa. Ka nemi a rubuta a takardar cewa an riƙe shi, da makulli in an karɓa, da wurin da za a kai shi.

Jerin fitarwa haka yake. Na farko, ka kashe laifin da ya jawo kamun, ka riƙe kitansi. Na biyu, ka nuna abin naka ne: kart giriz da sunanka, ko kart giriz da takardar ciniki mai hatimin hukuma, da katin ɗan ƙasa. Na uku, ka karɓi takardar izinin saki daga sashen da ya kama. Na huɗu, ka biya kuɗin ajiya in akwai, shi ma da nasa resin daban. Na biyar, ka duba abin hawan a gaban mai gadi kafin ka sa hannu cewa ka karɓa. Bayan ka fita ƙofa, ba mai sauraron maganar madubin da ya ɓace.

A mataki na biyu ne motocin kabu-kabu da yawa ke maƙalewa. An sayi moto a hannun wani, shi ma a hannun wani ya saya, ta shigo ta daji ba ta ga duwan ba, abin da ke hannu sai resin shago daga ƙetare. Irin wannan sai an bi ta duwan an biya haƙƙinta, an yi mata rajista, kafin ta fito da sunanka. Yakan fi tarar tsada nesa ba kusa ba, amma ba wata hanyar da ta wuce ta. In moton ta maigida ce kai kana aiki da ita, shi zai zo da kansa, ko ya ba ka rubutaccen wakilci da kwafin katinsa.

Wanda aka kama don bai da permi, ya zo da mai permin da zai tuƙa abin hawan ya fitar. In ka hau da kanka a ƙofar ofis, ka sake aikata laifin a gabansu.

Hattara: inda ake lissafin ajiya da kwana, kowace safiya kuɗin ƙaruwa yake. Abin hawan da aka yi watsi da shi ya daɗe kuma, hukuma tana iya yin gwanjonsa bayan ta bi ƙa'ida.

7. In abin ya wuce tara

Tuƙi ba permi, tuƙi cikin maye, takardun jabu, gudu bayan hatsari, jikkata mutum ko rasa rai bisa kuskure: waɗannan ba a kashe su da kitansi a teburin komisariya. Na kotu ne, kuma hukuncinsu yana iya haɗawa da ɗauri da hana tuƙi.

In ka yi hatsari, ka tsaya. Ka sa alamar kusurwa uku a baya, ka kira 18 don 'yan kwana-kwana su ɗauki wanda ya ji rauni, ka kira 17 don 'yan sanda. Kada a motsa abin hawa sai masu konsta, wato jami'an da ke rubuta rahoton hatsari, sun zo sun auna sun zana. In dole ne a buɗe hanya, a ɗauki hoto a kuma shata wurin tayoyi a ƙasa tukuna. In jama'a sun taru kana tsoron ranka, ka tafi kai tsaye komisariya ko birgad mafi kusa ka kai kanka, ka ce ga abin da ya faru, ga dalilin barin wurin. Wanda ya yi haka daban yake da wanda ya tafi gida ya ɓoye mota.

Ka sanar da kamfanin asiransinka a rubuce, ka karɓi shaidar sun karɓa. Kwantaraginka ya faɗi wa'adin, kuma dokar CIMA ta ce ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, don haka ka ɗauka kwana 5 gare ka. Kada ka rubuta wa kowa takardar cewa laifinka ne, ko ka yi alkawarin diyya, ba da sanin kamfanin ba, don irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure shi. Zuwa duba mara lafiya a likita da yi wa iyali ta'aziyya wajibi ne na mutunci, kowa ya san haka a garin nan. Sai dai sulhun da dattawa suka yi, ko da iyalin sun ce sun yafe, bai rufe dosiye da kansa ba. Mai gabatar da ƙara ne ke da wannan ikon.

In an tsare ka don bincike, wa'adin farko awa 48 ne, ana iya ƙara shi da izinin mai gabatar da ƙara. Kana da haƙƙin neman lauya. Mai ƙaramin ƙarfi ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar ba da agajin shari'a, a harabar kotu. In an yanke hukunci ba ka gamsu ba, kwana 10 gare ka ka ɗaukaka ƙara, a wurin magatakardan kotun da ta yanke.

Hattara ga masu ba da aron mota da iyaye masu miƙa wa yaro makullin moto: in direban bai da permin da ya dace, kamfanin asiransi yana iya biyan wanda aka ji wa rauni, sannan ya juyo ya bi ku kuɗinsa. Sammacin kotu kuma ba a ƙin amsa shi, ana iya yanke hukunci ba ka nan.

8. Riƙewa, dakatarwa, sokewa

Abu 3 ne mabambanta, mutane suna haɗa su duka su ce "an karɓe mini permi". Riƙewa ita ce ta bakin hanya, ta ɗan lokaci, har ka biya ko a tura dosiyenka gaba. Dakatarwa hukunci ne mai wa'adi, daga hukumar da ke kula da permi ko daga kotu: permin yana nan amma an hana ka tuƙi har wa'adin ya cika. Sokewa kuwa permin ya mutu, sai lokacin da aka ɗiba ya wuce ka koma oto-ekol ka sake jarrabawa.

In dakatarwa ce, ka nemi kwafin hukuncin a rubuce, ka tabbatar da abu 3 a ciki: tsawon wa'adin, ranar da ya fara, da ofishin da permin yake ajiye. Ranar farawa ita ce ake yawan saɓani a kanta, don wani yana ƙirgawa daga ranar kamu, ofis kuma yana ƙirgawa daga ranar hukunci ko ranar da aka miƙa permin. In an kira ka gaban masu duba dosiyen, ka je da kanka, da takardar shaidar aiki in da tuƙi kake ci da iyali, da kitansin tarar da ka riga ka biya. In wa'adi ya cika, ka je da kwafin hukuncin, katin ɗan ƙasa da shaidar biyan duk abin da kotu ta yanka. In an sharɗanta gwajin likita, ka yi shi kafin ranar. Ofishin sufuri na jihar Maraɗi shi ne wurin tambayar duk abin da ya shafi permin kansa.

Hattara: akwai masu ba da shawarar ka je ka yi takardar ɓata, ka ce permi ya faɗi, a yi maka sabo. Wannan ƙarya ce ga hukuma, laifi ne daban, kuma lambar permin ɗaya ce, ana ganewa. Tuƙi cikin wa'adin dakatarwa ma laifin kotu ne, in kuma hatsari ya auku a lokacin, ka koma sahun marar permi a wurin asiransi.

9. Inda laifinka yake rubuce

Wuri 4 ne sawunka ke zama. Littafin sashen da ya kama ka, dosiyen perminka a hukumar sufuri in an taɓa dakatar da shi, kundin kamfanin asiransi na hatsarin da aka sanar, da kuma kaziye na kotu.

Ƙaramar tarar da ka biya da kitansi ba ta fitowa a kaziye. Hukuncin kotu kan babban laifi shi ake shigarwa, kuma takarda mai lamba 3, wadda ake ba mutum a hannu ya kai wurin neman aiki, manyan hukunce-hukunce irin na ɗauri take nunawa. Ana karɓar ta a kotun yankin da aka haife ka, da takardar haihuwa da kuɗin tambur. Haifaffen Mayahi da ke zaune unguwar Zariya a Maraɗi, can Mayahi zai nema. Masu ɗaukar aiki galibi suna son wadda ba ta wuce wata 3 ba, don haka kada ka karɓe ta tun ba a buɗe neman ba. In ka ga an rubuta maka hukuncin da ba naka ba saboda kamannin suna, ka rubuta wa mai gabatar da ƙara takardar neman gyara, ka haɗa da takardar haihuwa mai sunan uwa da uba.

Naka kundin kuma kai za ka haɗa shi. Jakar roba ɗaya ta isa: kowane kitansi, kowace takardar saki, kwafin konsta, kwafin hukunci, tsofaffin takardun asiransi, a jere bisa kwanan wata. Direban da ke neman aiki a kamfanin sufuri ko wata ƙungiya, in aka tambaye shi labarin wani tsohon hatsari, kwafin konsta da ya nuna ba shi ne mai laifi ba ya fi dogon bayani.

Hattara in ka sayar da mota ko moto: ku yi takardar ciniki mai kwanan wata, a buga mata hatimin hukuma, ka riƙe kwafi, ka kuma matsa wa mai saye ya juya kart giriz zuwa sunansa. Muddin sunanka ne a jiki, in an buge mutum an gudu aka ɗauki lamba, ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa.

10. Masu bin hanyar Ɗan Isa

Da ka ƙetara zuwa Jibiya da Katsina, dokar Najeriya ce ke aiki, jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wato FRSC, ne kuma suka fi rubuta tarar hanya. Tasu tarar a banki ake biyan ta cikin asusun gwamnati, ka dawo da shaidar biya ka karɓi abin da aka riƙe. Ba a biyan ta a Maraɗi, kuma ba ofishin da zai karɓo maka permin daga nan, don haka ka kashe maganar kafin ka juyo. Kafin tafiya ka tambayi kamfanin asiransinka ko takardar da ke hannunka tana aiki a can, in ba ta yi, wace za ka ƙara, kuma a rubuta maka ranar farawa da ta ƙarewa a jikinta.